Aikin Inzayim a Majemarmu

Ƙaramar majema nake da ita a Sharaɗa, muna jeme fatun awaki da na tumaki, waɗanda akasarinsu dukawan Ƙofar Wambai ne suke saye. A duk matakan jima, babu wanda nake tsayawa a kansa da kaina kamar matakin laushin fata, domin a nan ne fata take yin kyau ko ta lalace.

Bayan an jiƙa fata a ruwan farar ƙasa gashi ya fita, takan kumbura ta yi tauri, kuma akwai ragowar saiwar gashi da wasu furotin da suke maƙale a tsakanin zaren jikinta. Majeman da muka gada suna tsoma ta cikin ruwan kashin tattabaru kafin ta shiga bagaruwa, kuma dabarar tana ci, saboda ƙwayoyin bakteriya da ke cikin kashin suna fitar da inzayim, wato wasu sinadarai masu narkar da furotin. A shekarar 1907 wani Bajamushe, Otto Röhm, ya fara sayar da madadin kashin, wanda aka haɗa da inzayim na fankiriyas ɗin dabbobi, wato wata gaɓa da ke kusa da tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci. Irin wannan garin muke saye a buhu yau.

Inzayim shi ma furotin ne, amma yana da siffa ta musamman, da wani gurbi da abin da zai yi aiki a kansa yake shiga daidai, kamar wuƙa da kubenta. Yana tsinka abin, ya sake shi, ya kama wani, ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Shi ya sa ɗan gari kaɗan yake isar ganga guda ta fatu.

Sai dai siffar nan ba ta jure wahala. Muna riƙe ruwan gangar tsakanin digiri 35 da 38 a ma'aunin Salsiyos. Da sanyin hunturu aikin yakan yi nawa ƙwarai, amma inzayim ɗin yana nan lafiya, da ruwa ya yi ɗumi zai ci gaba. Zafi ne ba shi da magani. Wata safiya a watan Janairu, wani yaron aikinmu mai son ya hanzarta ya dama garin da tafasasshen ruwa. Bayan awa biyu na danna babban yatsana a jikin fata, shatin ya ɓace nan take, na san garin ya mutu, kamar ƙwan da aka dafa wanda ba ya komawa ɗanye. Laifin nawa ne, domin ban taɓa zaunar da shi na yi masa bayanin dalili ba.

Ƙarfin farar ƙasa ma yana hana shi aiki. A ma'aunin pH, wanda lambarsa take hawa idan ƙarfin farar ƙasa ya ƙaru, fata takan fito da wajen 12, inzayim kuwa ya fi so tsakanin 8 da 9, don haka sai mun wanke ta da gishirin amoniyam salfet tukuna. Wanda ya tsallake wannan ya ƙara gari, kuɗinsa kawai yake zubarwa.

Lokaci kuma yatsa ne yake faɗarsa. Idan shatin ya zauna, kuma na ƙulle fatar akuya kamar jaka na matsa iska ta fito ta ƙofofin gashi, sai mu zubar da ruwan mu kwarara mai sanyi, domin idan aka ƙara jinkiri fuskar fatar takan saki, baduku kuwa yana taɓa ta zai ture ta gefe.