Jeren ɗakin ƙanwata da igiyar guga

Da aka sa ranar bikin ƙanwata, ni Inna ta ɗora wa jere, tunda ni ce babba. Ƙauyen mijin yana bayan Ringim. Ɗaki ɗaya ne da rumfa a gaba, ginin ƙasa an shafe shi da siminti, rufin kwano. Ban taka na ga ɗakin ba kafin sayayya, kuma daga nan kuskurena ya faro.

Na shiga Kano na sayo gado mai ƙafa 6 tsawo 6 faɗi, da sif mai ƙofa uku, da madubi, da saitin kujeru. Na biya Kantin Kwari na yanko labule ja mai nauyi. Ana jibi ɗaurin aure muka sauke kaya. Ashe ɗakin ƙafa 12 ne da 10. Gado kaɗai ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku, sif ya toshe taga, da muka cusa kujeru kuwa sai a kaikaice mutum yake wucewa.

Gwaggo tana bakin ƙofa tana kallonmu, ba ta ce uffan ba. Da aka kira la'asar ta ɗauki darduma ta shiga, can sai ga ta ta fito da ita a hannu. Ta ce, "Ke 'yar nan, ina yarinyar za ta riƙa yin salla?" Wallahi jikina ya yi sanyi. Na sayi kayan da za a zo a gani a yaba, na manta mutum ne zai rayu a ciki.

Muka fitar da komai tsakar gida. Na kwance igiyar guga na auna ɗakin, na zana shi a ƙasa da tsinke. Abin da na fara ware wa wuri shi ne darduma tana kallon gabas, sai inda za a shimfiɗa tabarma in baƙi sun zo, sai inda ƙyauren ƙofa yake buɗewa. Abin da ya rage shi ne na kaya. Gado ya koma ƙuryar da ke nesa da ƙofa, sif ya bar taga ya jingina da ɗaya bangon. Ƙananan kujeru biyu suka zauna, doguwar ta fita rumfa. Wasu 'yan jere sun yi gunaguni, wai dangin miji za su ce kaya sun yi kaɗan. Gwaggo ta ce su ce.

Tagar nan ita na fi jin daɗin cetowa. Duk wanda ya kwana ƙarƙashin kwano da bazara ya san iska ba abin wasa ba ce. Jan labulen na mayar da shi ƙofa, taga kuma na sa mata farin yadi marar nauyi, nan take ɗakin ya yi haske kamar an ƙara masa faɗi.

Sai launi. Bango ruwan madara ne, amma na zo da leda kore, labule ja, zanin gado shuɗi, kowanne yana jan ido nasa waje. Washegari na aika aka canjo leda ruwan ƙasa, na shimfiɗa zanin gado mai ratsin ja, shi ke nan launuka uku suka riƙe ɗakin.

Kabad ɗin kwanuka Gwaggo ce ta jera da hannunta, daidai inda ido yake fara sauka in an ɗaga labule. Manyan samiru a ƙasa, tangaran a tsakiya, ƙanana a sama, da ɗan tazara tsakaninsu. Rabin kwanukan ta ce a bar su a kwali, don ƙurar hunturu ba ta raga wa abin da ke fili, kuma amarya ce za ta sha goga. A saman kabad muka rataya faya-fayai uku da Inna ta saƙa da kanta, babban a tsakiya.

Bayan wata biyu na koma ganin ɗaki. Na tarar da mata huɗu a kan tabarma suna tsintar shinkafa, kaskon turare yana hayaƙi a gindin taga, dardumar ƙanwata a ninke a hannun kujera.