Rajistar fursunonin Tasmaniya

Kwanakin nan na duƙufa kan takardun fursunonin da Birtaniya ta kora zuwa Tasmaniya, tsibirin da yanzu jiha ce a ƙasar Ostiraliya, wanda a da ake kira Van Diemen's Land. Daga 1803 zuwa 1853 an kai mutum fiye da dubu 70 can, kuma hukumar adana tarihin jihar ta ɗora hotunan rajistocin a intanet.

Shafin siffa ne ya fi riƙe ni. Magatakarda kan rubuta tsawon mutum, launin idonsa, tabon goshinsa, har zanen da ke dantsensa, don in ya gudu a gane shi. Ga kuma littafin hali: yau an kama shi a buge, gobe ya yi wa ubangidansa tsiwa, bulala kaza.

Rubutun kam sai a hankali, kalmomi a gajarce, tawada ta koɗe. Nakan fara da sunan jirgin da ya kawo mutum, domin masu suna ɗaya sun yi yawa. In a Landan aka yanke masa hukunci, sai in leƙa bayanan kotun Old Bailey in ga laifinsa. Wani fursuna, hankici kawai ya sata, aka ɗaura masa shekara 7.