Godiya ta musamman ga jami'ar kare yara ta kulob ɗinmu na kurket

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Tunda an rufe kakar kurket ta bana, Satumba ya wuce sanyin Bradford ya fara leƙowa, na ce bari in zauna in yi wannan godiyar a fili don wallahi bashi ce a wuyana. Ba zan faɗi sunan baiwar Allahn ba kuma ba zan faɗi sunan kulob ɗin ba, ita kanta ba za ta so ba, amma iyayen da muke haɗuwa a bakin fili sun san wa nake nufi, yaran duk Anti suke ce mata.

Ga waɗanda ba su sani ba, a nan Ingila hukumar kurket ta ECB tana da tsarin da ake kira Safe Hands, kulob ɗin da yake da yara sai ya naɗa mutum ɗaya wanda aikinsa kenan ya sa ido kan lafiya da mutuncin yaran. Kuma aikin sa kai ne fa, ko sisin kwabo ba a biyanta, tana da nata aikin da take ci da shi ga nata iyalin, amma ita ce take bin koci-koci da masu taimako ɗaya bayan ɗaya sai kowa ya yi binciken DBS ɗin da ake duba ko mutum yana da tabon da zai hana shi aiki da yara, ita ce mai fom ɗin izinin ɗaukar hoto, ita ce mai tabbatar da yaro ɗan ƙasa da shekara 18 bai tsaya buga ƙwallo mai tauri ba hular kwano ba. Da farko ni ma gani nake takardun sun yi yawa, sai da abu ya zo kan ɗana na san amfaninsu.

Yarona tun yana shirin All Stars na 'yan shekara 5 zuwa 8 yake son wasan nan, ya wuce Dynamos, shirin da yake bin bayan wancan, bana aka fara haɗa shi tirenin da waɗanda suka girme shi. Tsakiyar kaka kawai sai yaro ya canza, ranar tirenin sai ciwon ciki, jakarsa ma ba ya son kallo, ni da Abbansu mun tambaya mun tambaya ya ce ba komai. Ashe wasu daga cikin manyan yaran ne suka ɗauki hotonsa yana sallar la'asar a bayan ɗakin canza kaya suka saka a wani gurup nasu na WhatsApp, ana ta yi masa dariya ana haɗawa da maganganu kan launin fatarsa da sunansa. Yaro ya haɗiye abin shi kaɗai don kar a ce ya kai ƙara.

Anti ce ta lura. Ta ga ya daina zama cikin 'yan uwansa lokacin hutu, ta same shi a wurin da kowa yana hango su amma ba a jin me suke cewa, don ƙa'idarsu ce babba ba ya keɓewa da yaro, ta bar shi ya yi magana ba ta katse shi ba. Abin da ya fi taɓa ni, ba ta yaudare shi ta ce zai zama sirri tsakaninsu ba, ta gaya masa gaskiya cewa dole ta sanar da iyayensa da waɗanda ya kamata su sani, kuma ba shi ne mai laifi ba. Ta rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi, ta nemi shawarar jami'in da yake sama da ita a matakin gunduma, ranar da daddare ta kira ni.

Ni kam raina ya ɓaci sosai, so nake in cire shi daga kulob ɗin gaba ɗaya a wuce wurin. Duk wanda yake nan yankinmu na Yorkshire ya san labarin Azeem Rafiq, tsohon ɗan wasan kurket na kulob ɗin Yorkshire, mun kalli bayanin da ya yi a gaban kwamitin majalisa a Nuwamban 2021 kan wariyar da ya sha, sannan rahoton hukuma mai zaman kanta da ya fito a Yunin 2023 ya tabbatar wariyar launin fata da ta mata da ta talaka sun yi katutu a wasan, har ECB ta fito ta ba da haƙuri. To da wannan a zuciyata na ɗauka za a ce wasan yara ne a shafa a rufe. Sam ba haka ta yi ba. Ta kai maganar gaban kwamiti, aka kira iyayen yaran, aka goge hotunan, aka dakatar da waɗanda suka jagoranci abin na wani lokaci, kuma duk matakin da aka ɗauka sai ta sanar da mu. Ba ta tozarta waɗancan yaran ba su ma, cewa ta yi su ma amanarsu tana hannunta, wannan maganar sai daga baya da na huce na yarda da ita.

Anti na gode, na gode ƙwarai, Allah ya saka miki da alheri ya raya miki naki. Na gode wa kocinsu da ya ware wani lungu mai tsabta a cikin ginin kulob ya ce duk yaron da zai yi salla ya shiga nan, ba wanda ya roƙe shi. Na gode wa uwar ɗaya daga cikin yaran da ta tako har ƙofar gidanmu da ɗanta suka ba da haƙuri, ba ƙaramin abu ba ne wannan, na yafe har zuciyata. Su Hajiya da Maman 'yan biyu na gurup ɗin matanmu na Hausawa da kuka riƙa kira kuna kwantar min da hankali, Allah ya bar zumunci. Abbansu ma sannu da ƙoƙari, kai ka riƙa kai shi kana tsayawa har a tashi sai da hankalinsa ya kwanta.

Alhamdulillah yaro ya ƙarasa kakar da shi aka buga wasan ƙarshe, yanzu ma tirenin ɗin cikin ɗaki na lokacin sanyi yake ta tambaya.

Iyaye 'yan uwana da yaranku suke kurket ko ƙwallon ƙafa ko ninƙaya a nan, don Allah ku daina ajiye yaro a bakin get ku juya, ku shiga ku duba allon sanarwa, yawanci sunan jami'in da lambarsa suna nan, ku gaisa ku san juna tun ba a shiga matsala ba. Kuma kulob ɗinmu yana neman wanda zai taya Anti kafin a buɗe sabuwar kaka a Afrilu, kwas ɗin ba wuya, ni dai na riga na karɓi fom, duk 'yar uwar da take kusa kuma tana da sha'awa ta yi min magana ta inbos mu je tare.