Agogon bugun zuciya da ƙwayar da nake sha kowace safiya

Shekaruna 48, kuma shekara uku ke nan ina shan maganin hawan jini. Da likita ya matsa mini a kan motsa jiki, sai ƙanena da ke aiki a Yamai ya aiko mini da agogon hannu mai ƙidaya bugun zuciya, irin mai koren haske a bayansa. Na fara fita a watan Janairu cikin sanyin hunturu, daga unguwarmu ta Birni in miƙe hanyar Miriya bayan sallar asuba, kuma wata biyun farko sun wuce lami lafiya.

Lissafin da kowa ya sani shi na bi: a cire shekarun mutum daga 220, abin da ya rage shi ne ƙololuwar bugun zuciyarsa a minti ɗaya. Nawa ya kama 172. Motsa jiki matsakaici yana tsakanin kashi 50 da 70 cikin 100 na wannan adadi, mai tsanani kuma daga 70 zuwa 85, wato a wurina daga 120 zuwa 146. Da yake Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 75 na mai tsanani a mako yana iya tsayawa a madadin minti 150 na matsakaici, ni kuma shago yana jirana, sai na ƙudura cewa 130 zan riƙa nema.

Agogon ya ƙi wuce 112. Na ƙara sauri, na koma sassarfa, numfashina yana fita da ƙyar, amma lambar ba ta motsa yadda nake so ba, sai na ɗauka ƙoƙarina ne ya gaza. A nan kuskuren yake, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin jikina yana faɗa mini gaskiya ƙarara, ni kuwa na fi gaskata abin da ke ɗaure a hannuna.

A watan Afrilu na mayar da fitar zuwa bayan la'asar, a lokacin da zafin Damagaram yake haura digiri 40. Ranar da abin ya faru agogon ya nuna 118, na yi murna na ƙara wuta, can sai na ji ƙasa tana juyawa, idanuna suka rufe, na faɗi a kan gwiwata ta dama. Wani yaro ɗan kabu-kabu ne ya ja ni gindin dogon yaro yana cewa, "Baba, kada ka tashi, bari in samo maka ruwa." Mako uku na yi ina ɗingishi, shago a hannun yara.

Da na zayyana wa likita komai, tambaya ɗaya ya yi mini: "Malam, wace ƙwaya kake sha?" Na ce atenolol. Ya bayyana mini cewa aikin wannan magani shi ne rage tasirin sinadarin da ke zaburar da zuciya, saboda haka yana sauke bugunta ko mutum yana zaune ko yana gudu, kuma lissafin 220 bai san da shi ba. Ashe 118 ɗin da na raina ta yiwu tana dab da iyakar abin da zuciyata za ta iya a ƙarƙashin maganin. Ga zafi kuma, wanda ke tura jini zuwa fata don sanyaya jiki, ga gumi yana rage ruwan jini, har abin da ke isa ƙwaƙwalwa ya kasa. Ya ƙara da cewa ko ga wanda ba ya shan komai, lissafin kintace ne, yana iya saɓawa da bugu goma ko fiye, sama ko ƙasa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, kafin faɗuwar na yi tunanin in riƙa tsallake ƙwayar a ranakun gudu don lambar ta hau. Likitan ya ɓata rai sosai, ya ce daina irin wannan magani farat ɗaya yana iya harzuƙa zuciya da hawan jinin fiye da da. Allah ne ya tsare ban aikata ba. Manhajar agogon ta tambaye ni shekaru da nauyi da tsayi, ba ta taɓa tambayar magani ba, ni kuma ban kai agogon gaban likita ba sai da na ji ciwo.

Ban jefar da shi ba. Na koma fitar asuba da gorar ruwa, ina tafiya da saurin da zan iya yi wa abokin tafiya magana cikakkiya ba tare da yankewar numfashi ba, kuma a wannan sauri agogon yakan tsaya tsakanin 95 da 105. Ina duba bugun da zarar na farka, in ya haura yadda na saba da kusan goma sai in huta ranar, wani lokaci kuma in ɗora yatsu biyu a wuyan hannu in ƙirga na daƙiƙa 15 in ninka sau huɗu don in tabbatar. Makon jiya maƙwabcina, wanda shi ma ke shan maganin hawan jini, ya nuna mini sabon agogonsa, na roƙe shi kada ya fita da shi sai ya haɗa shi da kwalin maganinsa ya kai wa likita tukuna.