In akwai ruwa a ciki, a sa maganin hana lalacewa

Jiya wata ɗalibata ta kawo min man shafawar da ta haɗa, ƙamshi mai daɗi laushi ba a magana, amma da na juya murfin sai ga ɗigo-ɗigon baƙi a gefen roba, fumfuna ce ta fara fitowa. Na ce me kika sa na hana lalacewa, ta ce bitamin E. Wallahi abin ya dame ni don mutane da yawa haka suka ɗauka.

'Yan uwa bitamin E mai kawai yake karewa kada ya yi ɗoyi, ba ya kashe ƙwayoyin cuta ko kaɗan. Duk haɗin da ruwa ya shiga ko ruwan alobera ne ko na fure, dole sai da sinadarin hana lalacewa, irin su fenoksi'etanol wanda dokar Tarayyar Turai ta ce kada ya wuce kashi 1 cikin 100. Kuma tun kafin ido ya ga komai ƙwayoyin sun riga sun hayayyafa, fatar mutane ce fa, wani ma jariri zai shafa wa.

Sannan don Allah a ajiye cokali a sayi ƙaramin sikeli, a auna komai da giram a rubuta a littafi. Ruwa da mai kowanne a ɗumama shi daban zuwa wajen digiri 70 na ma'aunin Celsius kafin a haɗa, turare kuma kada a zuba shi sai haɗin ya huce ƙasa da digiri 40. A gwada pH, wato ma'aunin yawan tsamin haɗin, da 'yar takardar gwajin pH, na fata wajen 5 yake, haɗinki ma ya tsaya kusa da nan.