TARIHIN RAYUWATA (Kashi na 9): Kuɗin ƙwazo

Salam 'yan uwa, makon jiya na tsaya inda na samu koyarwa a wata makarantar kuɗi a Zariya bayan na gama NCE, albashi dubu 12, lokacin ma mafi ƙarancin albashi dubu 18 ne amma wa ya isa ya tuna wa mai makaranta. To mu ɗora.

Farkon 2018 ne, gari ya ɗau zafi kan malaman firamare sama da 21,000 da gwamnatin Kaduna ta sallama don sun kasa cin maki 75 a jarabawar 'yan aji huɗu, har ƙungiyar malamai ta NUT ta tafi yajin aiki, ko a Keke Napep zancen kenan. Sai Hajiya mai makaranta ta tara mu a ofis tace daga wannan zangon duk wanda ajinsa ya fi cin jarabawa za ta ƙara masa dubu 5, wai wanda ya yi noma shi zai ci tuwo. Wlh ni murna na yi, don akwai wani malami da sai ƙarfe tara yake shigowa ya cika allo da rubutu ya fice gindin dalbejiya yana waya, kuma ƙarshen wata kuɗinmu ɗaya, abin ya daɗe yana ci min rai.

Abin da ban lissafa ba shi ne ajin da aka ba ni. Shi malamin nan 3A yake riƙe, yaran da suka taso tun daga nazire, wasu iyayensu ma'aikatan ABU ne har mai lesin ake ɗaukar musu a gida. Ni kuwa 3B, yara 46, yawanci an ciro su ne daga makarantun gwamnati, wasu ko sunansu ba sa iya rubutawa. Akwai wani yaro da ba zan manta ba, b da d duk ɗaya ne a wurinsa, in an tashi gareji yake wucewa shi ya sa kullum littafinsa duk baƙin mai. Na dinga tsayawa da su bayan tashi ba ko sisi, muna ƙirga da murafen lemo da na tsinto a shagon maƙwabcinmu, ranar da ya karanta min shafi guda bai tsaya ba sai da na juya baya na share hawaye. Daga maki 8 ya koma 41.

Sakamako ya fito, mai gindin dalbejiya ne ya cinye dubu biyar ɗin. Kun san dai kowane malami shi ke fitar da tambayoyinsa kuma shi ke makin abinsa. Wata yarinya 'yar ajinsa ce ta fasa ƙwan ba ta ma san ta yi ba, tace "Malama ai tun ranar Alhamis aka rubuta mana da amsoshin a allo."

Na samu Hajiya nace ranki ya daɗe a duba inda yaro ya faro mana ba inda ya tsaya kawai ba, ta ɗago ta kalle ni ta saman tabarau tace "ke 'yar nan, iyaye maki suke gani a kati ba wahalarki ba." Baba malam, wani dattijo da ya yi ritaya daga gwamnati yake koyar da lissafi, ya ja ni gefe yace "'yata bar shi, can a gwamnati shekaru ake biya ko ka koyar ko ka yi barci, nan kuma lamba ake biya, ni dai ban taɓa ganin inda aka biya koyarwar kanta ba."

Zango na gaba kowa ya gane wasan, malamai suka fara turo min duk yaron da bai ja, ajina ya kai 53. Ga Inna ba lafiya, ga bashin magani dubu 4 a kemis. Ranar Alhamis kafin jarabawa na tsinci kaina a gaban allo, alli a hannun dama takardar tambayoyi a hagu, shi kuma yaron garejin nan yana layin gaba ya buɗe littafi yana jira na.

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.