Kaset ɗinka ne amma kwamfuta ta ce wai an kulle

Duk wanda ya taɓa zama da niyyar juye tsofaffin kaset ɗin bidiyo zuwa kwamfuta ya san takaicin nan. Ka jona injin bidiyo da ɗan katin ɗauka na USB, wayar hoto mai ruwan ɗorawa a raminta, ja da fara na sauti a nasu, a tibi hoto tsaf ba matsala, amma a kwamfuta haske sai tashi yake yana faɗuwa, fuskar mutum ta yi fari tas can kuma ta koma duhu, saman hoton na karkacewa, ko kuma manhajar ta tsaya cak ta rubuto maka cewa wai wannan kaset yana da kariya ba a kwafarsa.

Sunan abin Macrovision, wani kamfanin Amurka ne da aka kafa a 1983, zuwa 1985 an fara sa tsarin nasu a kaset ɗin finafinan sayarwa. Dabarar kuwa ba wata mai wuya ba ce. Hoton tibi layi-layi ake zana shi, a tsarin PAL layi 625 ne amma 576 kawai kake gani, a tsarin NTSC kuma 525 ne ana ganin 480, ragowar layukan fili ne da aka bari don tsohon tibi mai ƙeya ya samu lokacin komawa sama ya fara zana sabon hoto. To a wannan filin da ido bai gani suka cusa wasu sigina na bogi masu ƙarfi, suna hawa suna sauka. Injin da ke rikodi yana da wani sashe da ake kira AGC mai daidaita ƙarfin sigina da kansa, da ya ci karo da na bogin sai ya ɗauka hoto ya yi ƙarfi da yawa ya rage, da sun sauka ya ƙara, haka zai yi ta yi har kaset ya ƙare. Yawancin tibi ba ruwansu da wannan wajen shi ya sa kallo lafiya lau, kwafa ce ba ta yiwuwa. A 1998 ma dokar DMCA ta Amurka ta wajabta wa masu ƙera injin VHS su sa AGC ɗin da zai faɗa wannan tarkon.

Wannan duk na fahimta, mai fim yana kare dukiyarsa ne. Abin da ke ba ni haushi shi ne kaset ɗin da mutum ya ɗauka da kyamararsa, yaransa ne a ciki, iyayensa ne a ciki, babu kamfanin da ya taɓa taɓa shi, shi ma a ce an kulle. Haba. Babu wata kariya a jikinsa wallahi, na'urar ce ta ruɗe. Kaset in ya tsufa yana miƙewa, gefensa ya tauye, tirakin, wato saitin yadda kan injin ke bin layin hoton da ke jikin kaset, ya goce, sigina ya riƙa zuwa ba a kan lokaci ba da ƙazanta a daidai layukan nan na ɓoye, katin ɗauka ko rikodar DVD kuma an koya musu da sun ga wani abu baƙo a wurin su rufe ƙofa, kamar mai gadin da aka ce kar ya bar ɓarawo ya shiga sai ya hana har mai gidan. Ya fi faruwa a kaset ɗin da aka ɗauka a EP ko LP, wato a gudu na hankali don ya ci awoyi da yawa, da wanda kwafin kwafi ne, da daidai inda aka tsayar da kyamara aka sake kunnawa.

Mutane da yawa a nan suke ɓata lokaci, a sauke wannan manhaja a goge, a sauke waccan. In katin ne da direbansa, wato manhajar da ke tafiyar da shi, ke ganin siginar suna ƙi, canjin manhaja ba ya tsinana komai, in kuma AGC ɗin katin ya riga ya lalata hasken kafin hoto ya shiga kwamfuta to babu editin ɗin da zai dawo da shi. Gyaran a kan waya yake, tsakanin bidiyo da kati.

Abin da ke aiki da gaske TBC ne, wato na'urar da ke daidaita lokacin zuwan siginar hoto, amma iri biyu ne kuma ana yawan ɗaukar su abu ɗaya. Na layi, wanda ke cikin wasu injinan S-VHS na JVC da Panasonic, yana miƙar da layukan da ke rawa, hoto ya daina lanƙwasa, iyakarsa ke nan. Na cikakken firem shi akwati ne daban irin su Datavideo TBC-1000, yana karɓar hoton ya ajiye a ƙwaƙwalwarsa sannan ya fitar da shi da sabon sigina mai tsabta, shi ne ke kashe ƙaryar kariyar nan, da tsallen firem, da sautin da ke barin baki a baya. Matsalar an daina ƙera su, sai na hannu, kuma da yawa sun gaji. Wasu na bi da siginar ta cikin rikodar DVD ta Panasonic ES10 ko ES15 ba tare da sun yi rikodi ba, tana gyara karkacewa sosai gaskiya, sai dai ita kanta tana gane Macrovision, ba ta cire shi. Ƙananan akwatunan da ake kira sitabilaiza kuwa sa'a ce, wani ya yi wani ya ƙara dusashe hoton.

Batun finafinan sayarwa masu kariyar gaske, doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kowa ya duba ta inda yake, ni dai ra'ayina in fim ya fito a DVD wahalar banza ce juye shi daga kaset, hoton VHS bai kai ba ko kusa.

Kafin ka sayi komai dai fara da mai sauƙi. Wanke kan injin bidiyon da ke karanta kaset, tura kaset ɗin gaba har ƙarshe ka dawo da shi, gyara tirakin da hannu, in da ramin S-Video yi amfani da shi. Sannan gwada kaset ɗin a wani injin daban, don sau da yawa wanda ya ƙi a wannan ya kan wuce sumul a wancan. Injin ma samunsa sai ƙara wuya yake, tun 2016 Funai, kamfani na ƙarshe da ke ƙera su, ya tsayar da aikin, saboda haka in kana da mai lafiya kar ka sa masa kaset mai fumfuna, farin ƙurar nan toshe kan take yi nan take.